Aure da Takardar Shaidar Asali: Ina Matsayin Ɗalibar da Aka Kawo Gidanmu?

 



Da shugabannin ƙungiya suka ɗora wa kwamitin ilimi nauyin gabatar da jawabi a wannan zama, da farko mun yi niyyar magana a kan faɗuwar yaranmu a jarrabawar lissafi, domin abin yana ci mana tuwo a ƙwarya. Sai dai da muka duba koke-koken da suka fi yawan zuwa gare mu, muka tarar wata 'yar takarda guda ɗaya ta fi lissafi wahalar da mutanenmu. Takardar ita ce shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda yaranmu ke kira indijin. A cikin masu shan wahalarta kuwa babu kamar matan aure masu neman komawa karatu, wato surukanmu da ƙannenmu da 'ya'yanmu da aure ya ɗauke daga wata ƙasa ya ajiye a wata.

Bari mu fara da abin da ya faru a cikin danginmu, ba tare da ambaton suna ba. Wata yarinya ce 'yar wajen Funtuwa, aka auro ta cikin birni bayan ta gama sakandare. Mijin yana aiki a Abuja, ita kuwa tana gidan gado tare da uwar miji. Bayan haihuwa uku ta nuna sha'awar karatun aikin jinya, mai gidan ya amince, har shi ya raka ta wajen cike fom. Da mai cikewa ya tambayi jiha da ƙaramar hukuma, sai mijin ya amsa a madadinta, ya ce a sa Kaduna, a sa Zariya, tunda dai nan ne gidanta yanzu. Babu wanda ya ga aibi a cikin wannan amsa. Ta ci jarrabawa, sunanta ya fito. Ranar tantancewa aka nemi takardar shaidar asali, aka kuma jera ta da sauran takardunta, sai ga shaidar firamare da rajistar katin ɗan ƙasa duk suna nuna Katsina. Ta dawo unguwa neman wasiƙa, aka yi mata tambayar da ake yi wa kowa: 'yar wane gida ce? Ta faɗi gidan mijinta, aka ce gidan ubanta ake nufi. Ta tafi garin iyayenta, can kuma aka nuna mata fom ɗin da ta cike da hannunta, aka ce ai ta riga ta zama 'yar Kaduna. Kafin a warware wannan ƙulli an rufe rajista, shekara ta tafi. Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne, a duk cikin waɗanda ta je wurinsu babu mugu ko ɗaya. Kowa ya tsaya ne a kan abin da ya sani.

To mene ne doka ta ce? Tsarin mulkin 1999 ya ambaci ɗan asalin jiha a wurare, alal misali sashe na 147 da ya wajabta a naɗa minista daga kowace jiha kuma ya kasance ɗan asalinta, amma bai zauna ya fayyace ma'anar kalmar ba. Abin da ya fi kusa da fayyacewa yana sashe na 318, inda ake ɗaukar mutum ɗan wata jiha idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Ku lura, jama'a, iyaye da kakanni aka ambata. Ba a ambaci miji ba, ba a kuma ambaci yawan shekarun da mutum ya yi a gari ba. Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1996, ta fitar da ƙa'idojinta a kan wannan tafarki, ta kuma yi magana a fili game da matar aure: a lissafin rabon gurabe na tarayya za ta ci gaba da dogaro ne da jiharta ta asali. Ƙa'idojin sun bar wata ƙofa a buɗe, domin sun yarda cewa wanda ƙaramar hukuma ta karɓa a matsayin ɗanta shi ma ɗan asali ne, da sharaɗin kada mutum ya yi iƙirarin ƙananan hukumomi biyu. An tsara waɗannan ƙa'idoji ne domin rabon ayyukan gwamnati, amma da yake babu wani ma'auni da ya fi su fitowa fili, masu tantance ɗalibai da masu raba tallafin karatu su ma da irin wannan ido suke duba takardu.

Wannan matsayi bai yi nisa da abin da malamanmu suka karantar da mu a zaure ba. A shari'ar Musulunci aure ba ya canja nasaba. Mace 'yar ubanta ce kafin aure da bayansa, ba ta ajiye sunansa ta ɗauki na miji. Inda muka shiga ruɗani shi ne, al'ada tana gaya wa amarya ranar kai ta cewa daga yau ba ta da gidan da ya wuce wannan, takarda kuma tana cewa har abada ita 'yar can ce. Dangin ubanta suna ganin ta fita daga lissafinsu, ofishin garin mijinta yana ganin ba ta shigo nasa ba.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa a kan takarda ɗaya? Abin damuwar kuɗi ne da gurbi. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya kasa gurabe gida uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Wato fiye da rabin gurabe suna rataye ne da sunan jihar da ɗalibi ya rubuta. Bayerabiya ko 'yar Edo da ɗanmu ya auro daga Legas ya kawo Tudun Wada, ko da tana hango hasumiyar Jami'ar Ahmadu Bello daga kan soro, ba lalle ne a lissafa ta cikin 'yan yankin jami'ar ba. Makarantun jihohi kuwa da yawansu suna da kuɗin makaranta iri biyu, na ɗan jiha da na baƙo, kuma hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi abin da suke fara tambaya ke nan. Ga mai albashin gwamnati da ke ɗauke da karatun mata da na yara a lokaci ɗaya, bambancin yana iya zama dalilin da zai sa a ce wa uwar gida ta ƙara haƙuri sai baɗi, kuma mun san yadda baɗin matar aure ke ƙarewa.

Mu Zage-zagi muna da dalili na musamman da zai sa mu duba wannan al'amari da idon basira. Har zuwa watan Satumba na 1987 Zazzau da Katsina jiha ɗaya suke. Auratayya tsakanin birnin nan da Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Malumfashi ta girmi duk wanda ke zaune a wannan zaure, kuma babu wanda ya taɓa kiran amaryar da aka kawo daga can baƙuwa. Rana ɗaya aka yi sanarwa a rediyo, aka wayi gari iyayenmu mata da dama sun zama 'yan wata jiha alhali ba su ɗaga ƙafa daga ɗakunansu ba. Haka aka yi ta yanka tsohuwar ƙasar Zazzau ƙananan hukumomi, har ta kai mutumin Sabon Gari da na Ƙofar Doka kowa da ofishin da zai je neman takarda.

In kuma muka waiwaya baya sosai, sunayen gidajen sarautarmu huɗu kansu darasi ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Kowane suna yana nuni da wani tushe, kuma birnin nan ya karɓe su, suka zama su ne birnin. Haka unguwannin malamai da na masu sana'a suka cika da mutanen da karatu ko fatauci ya kawo kakanninsu, suka yi aure, suka haihu, aka binne su a nan. Da a ce a wancan zamani akwai mai tsayawa a Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona yana neman takardar indijin, da Zariya ba ta zama garin ilimin da muke alfahari da shi ba. Ba muna faɗin haka don raina tsarin raba daidai ba ne. Mun san dalilin kafa shi, mun kuma san cewa ba don shi ba da yaran Arewa da yawa ba su ga ƙofar jami'a ba. Muna dai tuna wa kanmu ne cewa karɓar wanda ya zauna da mu tsohuwar ɗabi'armu ce.

Kada a ɗauka talakawa kaɗai abin ke ci. A watan Nuwamba na 2012, Alƙaliyar Alƙalan Nijeriya ta lokacin, Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, wadda ita ma a nan Zariya ta fara karatunta, ta dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda an gabatar da ita a gurbin jihar Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana alƙalanci, alhali asalinta Anambra. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki aka rantsar da ita kafin watan ya ƙare. A 2020 majalisar dokokin Kuros Riba ta ƙi tabbatar da Mai Shari'a Akon Ikpeme a matsayin babbar alƙaliyar jihar, ana kafa hujja da cewa iyayenta mutanen Akwa Ibom ne, duk da mijinta ɗan jihar ne. Sai a farkon 2021 aka tabbatar da ita. Idan alƙalai sun sha wannan, ina ga yarinya mai goyo da ke tsaye a layin rajista?

An yi yunƙurin gyara. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a a kan ƙudurin da zai ba mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure, ƙudurin ya faɗi. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa, Majalisar Wakilai ta ce ta janye matsayinta za ta sake dubawa, amma gyaran bai shiga tsarin mulki ba. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo wani ƙuduri da zai ba da asali ta hanyar haihuwa ko zama na shekara goma ko aure, shi ma ya janye shi a cikin shekarar bayan suka ta yi yawa. A nan jiharmu, gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta bayyana cewa ta daina bambanta ɗan asali da mazauni, ta kafa hukumar rajistar mazauna jiha a 2018, aka shiga ba da katin zama. Sai dai ikon gwamna bai kai ga fom ɗin tarayya ba. JAMB da aikin soja da na 'yan sanda da ma'aikatun Abuja ba su daina tambayar jihar asali da ƙaramar hukuma ba. Saboda haka katin zama abu ne mai amfani, a yi wa iyali, amma kada a ɗauka ya maye gurbin ɗaya takardar.

'Yan'uwanmu da ke ƙasashen waje sun ga wani tsari dabam. A yawancin jihohin Amurka ana duba inda mutum ya yi zama na kimanin shekara guda ne kafin a ba shi rangwamen kuɗin makaranta na ɗan jiha. A lardin Kebek na Kanada ɗalibi yana iya samun matsayin mazaunin lardi ta hanyar mijinta ko matarsa, muddin ya kawo shaidar auren da shaidar cewa abokin zaman ya cika sharaɗin zama. Su zama suke aunawa, mu jini muke aunawa. Amma akwai abin da ya kamata mu ɗauka daga wurinsu: ko a can ba a karɓar maganar baki, sai takarda. Mu kuwa ana ɗaura aure a ƙofar gida ko a masallaci, a gaban ɗaruruwan shaidu, a raba goro da dabino a watse, ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Auren ya inganta a wajen Allah, babu shakka. Amma bayan shekara goma sha biyar, waliyyi ya rasu, limamin ya rasu, sai a ce wa mace ta tabbatar wa wani ma'aikaci cewa ita matar wane ce, ta rasa abin nunawa sai katin gayyata, in ma ɓera bai ci ba.

Shawararmu ga magidanta, musamman ku da ke zaune a birane, ita ce kada a yi gaggawar canja wa mace jiha a kan takarda. Mun san akwai wani ɗan kishi a ciki, mutum yana jin nauyin a ce matarsa tana amsa sunan wani gari. A ajiye wannan. Idan iyalinka 'yar Katsina ce ko Kano ko Neja ko Bauci, hanya mafi sauƙi kuma mafi inganci a doka ita ce ta karɓi takardar ƙaramar hukumar mahaifinta, ta riƙe ta, ta nemi tallafin karatu a can, kuma dangin mahaifinta su san cewa haƙƙinta ne, aure bai cinye shi ba. Haka mu ma, 'ya'yanmu mata da muka aurar Sakkwato ko Ilori ko Maiduguri, idan suka dawo neman wasiƙa kada wani ya ce musu ai kin zama ta wasu. Bazazzagiya ce, kakanta yana kwance a cikin ganuwar nan.

Akwai kuma abin da ba mu son ambata amma dole a ambata, shi ne aure yana mutuwa, miji ma yana mutuwa. Mun ga macen da aka mayar da duk takardunta garin miji, aka rabu tana aji biyu a makaranta, ta koma gaban iyayenta da shaidar da ke ɗaure da gidan da ta bari. Duk sabunta tallafi sai ta aika a roƙi tsohon miji ko danginsa su sa hannu. Wanda ya san zafin wannan ba zai so wa 'yarsa ba.

Inda tilas ta sa a nemi karɓuwa a nan, kamar matar da ta taso marainiya ba ta san kowa a garin ubanta ba, ko wadda ta musulunta danginta suka juya mata baya, ko wadda rikici ya raba da garinsu, to a bi ta ƙofar da doka ta bari. A fara da shaidar aure a rubuce, daga masallacin da aka ɗaura in suna bayarwa, ko daga kotun shari'a, a haɗa da takardar rantsuwa. A haɗa da takardar asalin mijin, da takardun haihuwar yara daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sannan a bi matakan da muka sani, daga mai unguwa zuwa hakimi zuwa ƙaramar hukuma, a faɗi gaskiyar lamarin tun daga farko: wannan matar ɗanmu ce, asalinta wuri kaza, muna neman a karɓe ta. Kada a ƙirƙira mata uba a Kwarbai ko Limancin Kona. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle yanzu da tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa, kuma abin da aka rubuta a wuri ɗaya yana bin ɗalibi har wajen bautar ƙasa da neman aiki. Duk abin da aka zaɓa, a tabbata shi ne a kan kowace takarda, har da yadda ake rubuta suna. Mun ga wadda ta yi wata biyu tana zirga-zirga saboda Hauwa'u a nan, Hauwa Kulu a can, ga sunan miji a takarda ta uku.

Game da yara kuwa, akwai abin da da yawanmu ba mu sani ba. Al'ada ta ce ɗa na uba ne, kuma a nasaba haka yake. Amma lafazin doka ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni ya ce, wanda ke nufin ɗan 'yarmu yana da hujjar neman shaidar Zariya ta wajen mahaifiyarsa, muddin bai riƙe wata ba. Wannan yana da muhimmanci ga marayun da suka dawo gidan kakanni, da 'ya'yan 'yan'uwanmu mata da suka auri mutanen Maraɗi ko Damagaram. Sashe na 25 ya ba irin waɗannan yara zama 'yan Nijeriya ta wajen uwa, ko da yake sashe na 26 matar da ta auri ɗan Nijeriya kaɗai ya ba damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, bai ba mijin 'yar Nijeriya ba. Idan an hana yaron da aka haifa a Unguwar Juma takarda saboda ubansa ɗan Nijar ne, to a wace ƙaramar hukuma cikin 774 zai same ta?

Sai mu juyo kanmu, mu mazauna birane, domin laifinmu ma ba kaɗan ba ne. Yaro ya girma a Agege ko Kubwa, bai san sunan unguwarsu ba, bai san sunan kakansa na biyu ba, sai ana saura kwana uku a rufe rajista a sa shi a mota a turo shi da lambar wayar wani kawu. Mai unguwa bai taɓa ganinsa ba, uban ma rabonsa da gida tun rasuwar tsohuwa. In ya ƙi sa hannu a ce ya cika tsanani, in ya sa a ce masu unguwanni suna sayar da takarda. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ku riƙa kawo iyali gida, ku kai su gaisuwa wajen mai unguwa da limami, matar da aka auro daga nesa ma a san fuskarta, a san 'ya'yanta.

A ƙarshe muna da roƙo ga iyayenmu masu sarauta, ta hannun wakilin Mai Martaba, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. Muna roƙon a duba yiwuwar kowane mai unguwa da limamin da ke ɗaura aure ya ajiye littafi, a riƙa rubuta sunan ango da amarya da waliyyai da garin da amarya ta fito da ranar ɗaurin aure, a ba ma'aurata kofi. Muna kuma roƙon a zauna da shugabannin ƙaramar hukuma a fitar da ƙa'ida guda a rubuce game da karɓar matan da aka auro, a manna ta inda kowa zai gani, domin abin ya daina dogara da wanda ka sani. Ƙungiya a shirye take ta ɗauki nauyin buga littattafan.

Namu ɓangaren kuma, kwamitin ilimi zai zauna a makon Sallah Ƙarama, kashegarin Hawan Daushe, lokacin da yawancinku kuke gida. Duk mai mata ko 'ya ko ƙanwa da ke shirin cike fom a shekara mai zuwa ya zo da takardunta duka, na firamare da na sakandare da katin ɗan ƙasa da shaidar aure in akwai, mu jera su mu duba tare kafin a je gaban mai tantancewa. Ita ma mai takardun a zo da ita, domin ita za a tambaya. Yarinyar nan da muka ba ku labarinta ta karɓo takardar garin mahaifinta, an gyara fom, tana makaranta yanzu, kuma ta yi alkawarin zama tare da mu ranar domin taimaka wa 'yan'uwanta mata.